Suna, Ajiya Da Bashi: Nasiha Ga Mai Fita Neman Halali A Ƙasar Waje

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya warwatsa arzikin bayinSa a sasannin ƙasa, Ya halatta musu tafiya domin nemansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku iyaye da malamai, ya ku 'yan'uwa matasa, da wuya wata ya shuɗe a nan Fagge ba a zo masallaci neman addu'a ga wani mai shirin tafiya ba. Wannan tela ne za shi Jidda, wancan direba ne za shi Riyad, waccan ma'aikaciyar jinya ce ta sami gurbi a Ingila. Za ka ji ana ta tambayar biza da tikiti da kuɗin ejan, amma ba ka jin mai tambayar abin da zai biyo bayan sauka: ina albashi zai shiga, da sunan wa za a kama ɗaki, da sunan wa za a yanki layin waya, kuma idan ta Allah ta kasance, ta wace hanya dukiyar za ta iso hannun marayu. A kan wannan nake son mu yi magana a daren nan.

Mu mutanen Fagge bai kamata a koya mana sha'anin baƙunta ba, domin unguwar nan zango ce tun asalinta. A nan ayarin raƙuma ke sauke kaya a wajen ganuwa, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kafin a yanka Sabon Gari a maƙwabtanmu. Kakanninmu kuma da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja, idan suka isa Salaga ko Kumasi, ba su kwana a kasuwa. Kowa yana da fatomansa. Shi ne mai ba da masauki, shi ne ma'ajin kuɗi, shi ne mai tsaya wa baƙo idan zai karɓi kaya bashi. Abin da fatoma ke dubawa shi ne ɗan wane ne kai, kuma wane madugu ya kawo ka. To, yau an raba aikin fatoma tsakanin banki da kamfani da ofishin gwamnati, kuma babu ɗayansu da ya san mahaifinka. Abin da suka sani shi ne suna da lamba a cikin kwamfuta. Abin da aka rubuta da sunanka shi ne naka, ko alheri ko sharri. Abin da aka rubuta da sunan wani kuwa, ko da guminka ne, a wurinsu ba naka ba ne.

Zan fi ba da misali da Saudiyya, saboda can mutanenmu suka fi dosa. Tushen komai a can shi ne igama, wato katin izinin zama. Wajibin wanda ya ɗauke ka aiki ne ya fitar maka da ita a cikin kwana 90 na farko, kuma dokar ƙwadago ta ƙasar a kansa ta ɗora kuɗinta da kuɗin sabunta ta. Da ita ake buɗe asusu a banki, da ita ake rajistar layin waya tare da hoton yatsa, da ita ake shiga manhajar Absher inda mutum ke ganin matsayin takardunsa, da ita ake rubuta yarjejeniyar haya a tsarin Ejar. Inshorar lafiya ma, wadda doka ta wajabta wa kamfani ya yi wa ma'aikacinsa, a jikinta take rataye. Idan igama ta mutu ba a sabunta ba, banki yakan daskarar da asusu. Saboda haka ranar ƙarewarta ta fi cancantar a haddace ta fiye da ranar biyan albashi. Fasfo kuma naka ne; doka ta hana kafili ya riƙe shi, ko da yake akwai masu yin haka. Tun Maris na 2021 an sassauta wa ma'aikatan kamfanoni wajen canza wurin aiki da fita da dawowa ba tare da yardar mai gida ba, amma wancan sassauci bai haɗa da 'yan aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Don haka duk wanda ejan ya ce masa aiki aiki ne, to, ya nemi a karanta masa sana'ar da aka rubuta a bizarsa kafin ya sayar da kekensa na ɗinki.

Daga nan za ku fahimci halin da mai shiga da bizar Umra ya maƙale yake jefa kansa. Ba ina maganar saɓa alkawarin da ya sa wa hannu kawai ba, ko da yake wannan kaɗai ya isa abin tsoro ga mumini. Ina maganar cewa ya zama mutum marar suna. Ba shi da asusu, ba shi da layi, ba shi da ikon kai ƙara idan an cuce shi. Kuɗinsa ko dai yana cikin matashin kai, ko yana asusun wani. Da yawanku kun tuna kamen da ya biyo bayan ƙarewar wa'adin afuwa a Nuwamban 2013, da yadda aka riƙa sauke mutane daga tarhil a filin jirgin Malam Aminu Kano da kayan jikinsu kaɗai, alhali wasunsu sun bar wahalar shekaru a hannun mutanen da ba za su sake gani ba.

An taɓa kira na rabon gadon wani bawan Allah, tela, wanda ya daɗe a Jidda ya rasu a can. Iyalinsa suna da yaƙinin ya tara abin kirki, domin ya sha gaya wa matarsa ta waya cewa kuɗin fili ya kusa cika. Da aka bincika sai aka tarar duk abin da yake samu yana zubawa ne a asusun wani abokinsa mai igama. Babu takarda, babu shaida. Abokin ya ambaci wani adadi, matar ta ce ba haka mijinta ya gaya mata ba. Ni ban ce mutumin ya ci amana ba, Allah ne Masani. Mai yiwuwa shi kansa lissafin ya cakuɗe masa da nasa. Amma mun raba abin da ya kawo, marayu suna kallonsa da zargi, shi kuma yana rantsuwa yana hawaye. Zumuncin gida biyu ya mutu a ranar, kuma abin da zai raya shi bai wuce takarda guda da shaidu biyu ba.

Wani zai ce, Malam, to ai banki gidan kuɗin ruwa ne, yaya za ka tura mu can? Tambaya ce mai kyau, kuma bari in gyara wata kalma tukuna. A Hausa idan an ce riba, ana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, wannan kuwa halal ne. Wadda Alƙur'ani ya yi shelar yaƙi a kanta a ƙarshen Suratul Baƙara ita ce muke kira kuɗin ruwa, wato ƙarin da aka sharɗanta a kan bashi. Shi asusun da ake zuba albashi a cire ba tare da ƙarin komai ba, malamai sun ɗauke shi a matsayin rance ne ka ba banki, zai mayar maka daidai duk lokacin da ka nema. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a zamanta na Abu Dabi a 1995. Kuma abin yana da asali. Bukhari ya ruwaito cewa mutane sukan kawo wa Zubairu ɗan Awwam (RA) dukiyarsu ajiya, shi kuwa sai ya ƙi karɓa da sunan ajiya, ya karɓa da sunan rance, saboda tsoron kada ta salwanta. Hikimar ita ce ajiya idan ta ɓata ba da sakaci ba, babu ramuwa, amma rance yana wuyan wanda ya karɓa ko ta halin ƙaƙa. A Saudiyya akwai bankunan da aka gina bisa tsarin Musulunci, kamar Al Rajhi da Alinma da Albilad. A Ingila akwai Al Rayan, wanda aka kafa a 2004 da wani suna, ya koma wannan a 2014. Wanda ya sami kansa inda babu irinsu, ya buɗe asusun da ba ya haihuwa. In an zuba masa wani ƙari ba da nemansa ba, ya fitar da shi ga mabuƙata, ba da niyyar sadaka ba, da niyyar tsarkake dukiyarsa.

Albashi kuma ya shiga ta asusun, kada ka yarda da biyan hannu. Tun 2013 Saudiyya ta fara tsarin kare albashi, wanda ya tilasta wa kamfanoni biya ta banki domin hukuma ta ga wanda aka biya da wanda aka danne wa. Daga 2024 aka fara shigar da 'yan aikin gida cikin irin wannan ta tsarin Musaned. Ranar da rigima ta tashi, takardar banki ita ce shaidarka. Akwai masu gidan da ke buɗe wa yaro asusu su riƙe katin da lambar sirrin, su zuba kuɗi da safe su kwashe da yamma, a rubuce an biya shi cif. Wanda ya miƙa katinsa ya sa hannu ne a kan cutar kansa.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda ta fi kama mutanen kirki, wato aron suna. Ka sami igama, ka buɗe asusu, sai ɗan unguwarku marar takarda ya zo ya ce a turo masa kuɗi ta asusunka, ko ka yankar masa layi da sunanka. Kunya ta hana ka cewa a'a. To, ka sani bankuna suna auna abin da ke shiga da fita da albashin da aka rubuta maka. Direban da ke karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, in aka ga dubban riyal suna ratsa asusunsa kowane mako, shi za a kira, ba mai kuɗin ba. Idan kuɗin damfara ne ko na ƙwaya, rantsuwar cewa ba ka sani ba ba ta buɗe ƙofar kurkuku. Haka nan abin da suke kira tasattur, wato baƙo ya buɗe shago da sunan ɗan ƙasa yana ba shi wani abu duk wata. Dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5 da tarar da za ta kai riyal miliyan 5. Kafin ma hukuma ta zo, ranar da mai sunan ya ga dama, ko ya mutu magadansa suka taso, shago da kaya da asusu duk nasu ne a takarda. Ku tuna Abdurrahman ɗan Aufu (RA) lokacin da ya isa Madina ba shi da komai. Sa'adu ɗan Rabi'u (RA) ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya fara da ɗan cuku da man shanu, amma abin da ya samu nasa ne, babu mai cewa da shi a ciki.

Sai maganar bashi, kuma a nan zan ɗan daɗe. Da zarar albashi ya shiga asusu wata biyu ko uku, saƙonni za su fara shigowa waya: ga katin bashi, ga kuɗin hannu, ga waya sabuwa a biya kaɗan-kaɗan. Matashin da a Kantin Kwari sai ya kawo mai tsaya masa kafin a ba shi bandir guda, yau banki ke roƙonsa ya karɓa. Sai ya ɗauka girma ne ya zo. Katin cirar kuɗinka na kanka babu laifi a cikinsa. Amma katin bashi mai sharaɗin ƙari idan an yi jinkiri, Majalisar Fiƙihu a zamanta na Riyad a 2000 ta ce bai halatta a karɓe shi ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Shi kuma kuɗin hannun da ake bayarwa da sunan tawarruƙ, inda banki zai sayar maka da wani ƙarfe ko wata haja da ba ka taɓa gani ba a kan farashin jinkiri, sa'an nan shi da kansa ya sayar maka da ita nan take ya zuba maka kuɗi, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta hana shi a 2003, ta ƙasashen Musulmi ma ta hana shi a Sharja a 2009. Akwai malaman da ke kwamitocin bankuna da suka halatta shi da sharuɗɗa, ba na ɓoye muku wannan. Amma ni abin da nake gani, wanda ya karɓi dubu goma yau zai mayar da dubu goma sha biyu gobe, kuma bai ga haja ba bai taɓa ta ba, ya kamata zuciyarsa ta yi masa tambaya, ko da an rubuta sunan Musulunci a saman takardar.

A Ingila da Amurka akan ce wa sabon zuwa sai ya ci bashi ya biya kafin a san shi, har a ba shi hayar gida mai kyau. Gaskiya ne suna ajiye tarihin biyan kowa. Saudiyya ma tana da hukumar SIMAH mai wannan aiki tun 2004. Amma ba katin kuɗin ruwa kaɗai ke gina suna ba. Biyan kuɗin waya da sauran wajibai a kan lokaci, da zama da asusu guda ba tsalle-tsalle, suna daga abin da ake dubawa, ko da tafiyar ta fi jinkiri. Wanda kuma ya ƙi biya a Saudiyya, kotu na iya hana shi fita ƙasar. Sai aiki ya ƙare, igama ta mutu, ga shi ba ya iya zama ba ya iya tafiya. Tsaya wa wani ma haka yake: wanda ya yi lamuni shi ne mai biya idan wancan ya gudu, a shari'a da dokar ƙasa baki ɗaya.

Amma don Allah, ya ku iyaye, wa ke tura yaran nan cin bashin? Mu ne. Yaro bai cika wata uku ba, bai gama biyan kuɗin ejan ba, an fara kiran waya: rufin ɗaki, kayan ɗakin ƙanwarsa, ragon Layya, kujerar Umra ta inna. Ba ya iya cewa babu, domin an riga an gaya wa dangi yana Saudiyya. Sai ya danna waya ya karɓi na shekara biyar a dare ɗaya. An kawo wa Manzon Allah (SAW) gawar wani mutum da ake bi 'yan dinarai, bai bar abin biya ba, ya ƙi yi masa salla da kansa har sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin bashin. Wace uwa ce za ta so a rufa mata ɗaki da abin da zai tsare ɗanta a kabari? Ku ba su shekara guda su tsaya da ƙafafunsu.

Game da aiko da kuɗi gida, ga Wapa nan kusa da mu, kuma da yawa daga masu saurarena 'yan canji ne. Kowa ya san yadda ake yi: a ba wani riyal a Jidda, ya yi waya, a ba iyali naira a Kano kafin la'asar. Malaman farko sun san irin wannan da sunan suftaja. Malikawa sun ƙi ta sai idan tsoron hanya ya game, Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka halatta saboda amfanin ɓangarorin biyu ne. Sai dai tunda canji ne tsakanin kuɗi iri biyu, lalle a yanke farashi a lokacin miƙawa, a kuma kammala ba da jinkiri ba; babu cewa a bari sai an ga yadda kasuwa ta tashi jibi. Majalisar Fiƙihu tun 1990 ta ɗauki shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa da hannu. Abin da ya rage shi ne dokar ƙasar da kake: karɓar kuɗin mutane domin aikawa ba da lasisi ba laifi ne a Saudiyya, kuma ranar da aka kama mai karɓar, kuɗin kowa ya tafi tare da shi. Hanyar banki da kamfanoni masu lasisi tana da rasit. A Janairun 2024 Babban Bankin Nijeriya ya yi umurnin a riƙa biyan irin wannan aike da naira, kuma tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023 ratar da ke tsakanin banki da kasuwa ta ragu ƙwarai, saboda haka hujjar da ake kafawa da ita a da ta yi rauni.

Kafin ka tashi, ka buɗe asusu da sunanka a nan gida. Uzurin rashin bankin Musulunci ya ƙare tun da Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kano tana cikin rassansa na farko. TAJ ya biyo baya a 2019. Ka daidaita sunanka a fasfo da BVN da NIN harafi da harafi, domin Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da kuɗi watanni. Wanda ya riga ya fita ba shi da BVN, an buɗe hanyar yin ta daga waje a Mayun 2025. Abin da kake tarawa ya zauna a asusunka, abin cefane ya tafi na iyali. In ka wakilta ɗan'uwa ya saya maka fili ko ya yi maka gini, a rubuta, a sa shaidu, takardar fili ta fito da sunanka. Na san za a ce wannan rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma waɗanda aka fara yi wa umurnin su ne sahabbai, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba.

Abu guda da ake yawan kuskurewa: sunan da ka rubuta a takardar banki a matsayin makusancin da za a tuntuɓa, ba shi ne magajinka ba. Ba ya mallakar ko sisi da wannan rubutu. Gado yana bin rabon da Allah Ya yi, banki kuma ba ya sakin kuɗi sai da takardar kotu. Don haka ka ajiye takarda a wurin amintacce a gida, mai ɗauke da sunan bankinka na can da na nan, da sunan kamfaninka, da wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka riƙa sabunta ta duk shekara. Haƙƙin ƙarshen aiki da dokar Saudiyya ta ba ma'aikaci shi ma dukiyar magada ne, amma sai sun san da shi za su nema. Zubairu (RA) da muka ambata, a ranar yaƙin Raƙumi ya kira ɗansa Abdullahi ya yi masa wasiyya da bashinsa. Aka lissafa ya kai miliyan 2 da dubu 200. Abdullahi ya sayar da filaye ya biya, sa'an nan ya ƙi raba gado har sai da ya yi shekara 4 yana shela a lokacin aikin Hajji ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

Maƙwabtanmu na Sabon Gari suna da wani abu da ya kamata mu duba. Baƙonsu idan ya sauka Kano yakan nemi ƙungiyar mutanen garinsu ya rubuta sunansa, yana zuba ɗan abu duk wata, ranar ciwo ko mutuwa an san inda za a dosa. Ina ba kwamitin wannan masallaci shawara ya buɗe littafi: duk mai tafiya ya zo a karanta masa yarjejeniyarsa, musamman in da Larabci take, a ajiye kwafin fasfonsa da takardar wasiyyarsa a ambulan rufaffe. Muna da ɗaliban da suka yi karatu a Madina, muna da ma'aikatan banki da lauyoyi a cikin sahun nan. Kowa ya ba da sa'a guda a mako.

Nan zan dakata saboda dare ya yi. Masu tambaya su rubuto a takarda su miƙa wa ladan, mata kuma su aiko ta hannun yara, za mu amsa abin da ya sawwaƙa. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya biya wa masu bashi, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a baƙunta.